Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Taimakon Kai da Kai a Ƙauye Har Ta Ɗore

A garinmu da ke ƙasar Ringim sau biyu aka kafa ƙungiyar ci gaban gari, kuma duka biyun ni na riƙe alƙalamin sakatare, saboda haka abin da zan zayyana a nan hannuna ya taɓa shi. Ta farkon an buɗe ta da gagarumin biki, aka yanka rago, aka buga kalanda mai ɗauke da hotunan shugabanni goma sha bakwai, amma kafin a ci damina biyu ta watse ba ta ɗora ko bulo ɗaya a kan wani ba. Ta biyun ta soma ne da mutum biyar a kan tabarma da famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya da ya yi wata takwas a lalace, ita ce kuwa take raye har yau. Mutanen kusan su ne dai, garin ma shi ne, abin da ya bambanta kawai shi ne abin da aka sa a gaba da abin da aka bari sai daga baya. Wannan jerin nake so mu bi daki-daki.

Mataki na farko: a zaɓi aiki ɗaya tak

Kafin a yi maganar suna ko muƙami, sai mutum uku zuwa biyar waɗanda gari ya shaide su da riƙon amana su zagaya unguwanni suna tambayar abin da ya fi damun jama'a. Kada su tsaya a majalisar maza kaɗai, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: matan da ke aiken yara ɗiban ruwa tun asuba sun fi kowa sanin famfon da ya mutu, ungozoma kuma ta fi kowa sanin wurin da mota ke maƙalewa idan haihuwa ta zo da gardama a tsakiyar damina.

Daga cikin abin da aka tattaro sai a ɗauki guda ɗaya wanda kowa zai amfana da shi ba tare da bambancin unguwa ko jam'iyya ko masallaci ba, wanda ƙarfin gari zai iya gama shi cikin wata ɗaya ko biyu, kuma wanda ido zai gani idan an gama. Gyaran famfo, da mayar da rufin ajin da iska ta yaye, da cike kwazazzabon da ke cin hanyar kasuwa, da kewaye maƙabarta, duk sun cika wannan sharaɗi. Gina asibiti ko jawo wutar lantarki ko shimfiɗa kwalta kuwa sun fi ƙarfin sabuwar ƙungiya, wadda ta fara da su za ta ƙare ne a rubuta wasiƙu da jiran amsa har mutane su gaji su janye jiki.

Mataki na biyu: neman iso

A ƙasar Kano da Jigawa ba a tara jama'a a bayan idon masu gari. Ana farawa da mai unguwa, shi zai yi wa mutane jagora zuwa wurin dagaci, wanda a wasu garuruwan gabas ake kira bulama, dagaci kuma shi zai sanar da hakimi idan lokaci ya yi. Tsallake mataki ɗaya a wannan tsani yakan jawo wa aiki cikas ɗin da ba za a taɓa gane inda ya fito ba. Ranar da muka je gaban dagacinmu, babbanmu ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne suka ga famfon bakin kasuwa ya daɗe a kwance, suke neman izini da albarka su tayar da shi.” Dagaci ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, “Madalla. Amma kuɗin a hannun wa zai zauna?” Wannan tambaya tasa ita ce dukan maganar, za mu kuma dawo kanta.

A roƙi dagaci da limamai su zama iyayen ƙungiya, masu sa albarka da sulhunta saɓani, amma kada a ɗora musu riƙon kuɗi ko sa hannu a banki. Yin haka kare mutuncinsu ne, saboda babu matashin da zai iya tsayawa a gaban jama'a ya ce wa dagaci ya kawo lissafi, kuɗin da ba a iya tambayar lissafinsa kuwa shi ke haifar da ƙananan maganganu. Idan garin yana da masallatan Juma'a biyu, a je wa limaman duka biyu a rana ɗaya. Haka nan a je wa arɗon Fulanin da ke rugagen kewaye, da sarkin noma, da shugaban makarantar firamare, da shugabannin matasa, da uwayen adashi waɗanda mata ke jin maganarsu.

Mataki na uku: taron gari

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, bayan amfanin gona ya shigo gida kuma kafin matasa su watse cin rani. A kauce wa ranar kasuwa. Mu nan ba ma sa taro ranar Lahadi saboda kasuwar Gujungu, masu harkar dabbobi kuma Alhamis tasu ta kasuwar Maigatari ce. Bayan sallar La'asar a ƙofar gidan dagaci ko a filin firamare ya fi, a kuma sa mai shela ya zagaya tun ana jibi, limamai su maimaita sanarwar a masallatai. Mata su yi nasu zaman a cikin gidan da suka yarda da shi, su aiko da wakilai biyu ko uku da abin da suka tsayar, a karanta shi a taron maza kamar yadda suka faɗa. A wannan taro abu uku kaɗai ake yankewa: aikin da za a yi, gudummawar kowane gida, da ranar fita. Duk wanda ya ɗauko tarihin rigimar gona ko ta siyasa, sai dattijon da ke jagorantar zaman ya ba shi haƙuri ya ce a bar ta sai wani zama.

Mataki na huɗu: shugabanni da ƙa'idoji

Shugabanni bakwai sun isa: shugaba da mataimakinsa, sakatare, ma'aji, sakataren kuɗi, wakiliyar mata da wakilin matasa. Ban da su sai a zaɓi masu binciken kuɗi biyu waɗanda ba sa cikin kwamitin. A tabbata ma'aji da sakataren kuɗi ba 'yan gida ɗaya ba ne, ba kuma suruki da surukinsa ba, a kuma zaɓi mazauna gari. Ɗan gari da ke aiki a Dutse ko Kano yana da amfani ƙwarai wajen bin takarda a ofis, amma shugaban da sai ƙarshen wata ake ganinsa ba zai san ranar da famfo ya tsaya ba.

Tsarin mulkin ƙungiya kada ya wuce shafi biyu ko uku, a rubuta shi da Hausa, a yi kwafi ɗaya da ajami saboda dattawan da suka fi sakewa da shi. Ya fayyace wa'adin shugabanni, wanda shekara biyu ta wadatar, da ranar taron wata-wata, da yawan gudummawa, da tarar wanda ya ƙi fita aiki ba uzuri, da yadda za a sauke shugaban da ya ci amana. A sa doka guda a fili: duk wanda ya tsaya takara ko ya karɓi muƙamin jam'iyya zai ajiye muƙaminsa na ƙungiya, ya ci gaba da zama mamba kamar kowa.

Mataki na biyar: kuɗi

A nan ne ƙungiyoyi suka fi mutuwa, don haka zan ɗan daɗe a kai. Manomi ba ya da kuɗi a hannu kowane wata, amma da kaka yana da hatsi, saboda haka ya fi sauƙi a yanka gudummawa da tiya maimakon naira. A ɗauka gari yana da magidanta ɗari biyu, kowa ya kawo tiya biyu ta gero ko dawa ko shinkafa. An sami tiya ɗari huɗu ke nan, wato buhu goma idan aka lissafa tiya arba'in a buhu. A auna a bainar jama'a da kwano ɗaya, a rubuta sunan kowa nan take, a zuba a ɗakin da ke da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ma'aji, ɗaya a hannun wani dattijo. Ana iya sayar da rabi don aikin da ke gaba, a ajiye rabi zuwa bazara lokacin da hatsi kan yi daraja, ko da yake ba kowace shekara farashi ke tashi ba, kuma hatsin da aka ajiye yana bukatar kariya daga ƙwari da danshi. Gwauraye da marayu da gajiyayyu a ɗauke musu, a kuma faɗi haka a taro don kada a riƙa bin su da ido.

Ƙa'idar da ba a sassautawa ita ce hannun da ya karɓa daban, hannun da ya ajiye daban, hannun da ya rubuta daban. Sakataren kuɗi ya karɓa ya yanka rasit mai kwafi, ya miƙa wa ma'aji a ranar, ma'aji ya sa hannu a littafi cewa ya karɓa. Ba a fitar da ko naira ɗaya sai da amincewar kwamiti a rubuce. Wanda aka aika sayayya ya tafi da abokin rakiya, su dawo da rasit, idan kuma mai kayan ba ya da rasit, kamar mai yashi ko mai amalanke, a rubuta a littafi shaidu biyu su sa hannu ko su dangwala. A kowane taron wata sakataren kuɗi ya miƙe ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ya rage, ko da abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba, sa'an nan a liƙa takardar a bangon ƙofar dagaci.

Kada a ba da rance daga asusun ƙungiya, kowane ne ya nema. Ƙungiyarmu ta farko a nan ta karye. Wani daga cikinmu ya zo da damina yana neman kuɗin taki, ya yi alkawarin biya da kaka, muka ji nauyinsa muka ba shi ba tare da sanin taro ba, ni da hannuna na rubuta takardar. Ruwa ya ci gonar, kuɗi bai dawo ba, da maganar ta fito sai kowa ya ce ashe shugabanni rabawa suke yi a tsakaninsu. Babu wanda ya saci kwabo, amma daga ranar ba a ƙara ba mu tiya ɗaya ba. Mai neman rance a nuna masa adashi, ko 'yan'uwa su haɗa masa daga aljihunsu.

Da zarar kuɗi ya fara taruwa kuma an yi rajistar da za mu yi bayani a mataki na bakwai, a buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya, da masu sa hannu uku, ba a cire kuɗi sai biyu sun sa hannu. Banki zai nemi takardar rajista da tsarin mulki da bayanan taron da aka yanke shawarar buɗe asusun, tare da lambar BVN da ta NIN ta masu sa hannun. 'Yan gari mazauna Kano da Abuja da Legas sukan taimaka sosai idan aka buɗe musu zaure a WhatsApp ana tura musu hoton aiki da na lissafi, amma a gaya musu tun farko cewa asusun ƙungiya kaɗai za su tura wa, ba na wani mutum ba, ko da mai POS ɗin gari ne. Ɗan siyasa ma idan ya kawo gudummawa a karɓa a gaban taro, a yanka masa rasit, a yi masa godiya, amma ba a liƙa fastarsa a jikin aikin.

Mataki na shida: ranar gayya

Gayya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, da ita kakanninmu suka yi noma da yaɓe da jinka, abin da ake ƙara mata kawai shi ne tsari. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun ana saura kwana uku a tabbata yashi da tsakuwa da siminti suna wurin, an san masu kawo shebur da diga da kwanon sarki da baro, an san amalanken da za su yi jigilar ƙasa, an kuma yi magana da magini ko makanikin famfo an yanke ladansa. A raba mutane unguwa-unguwa, kowace da jagoranta da yankin da aka auna mata, domin gasa tsakanin unguwanni tana sa aikin yini biyu ya ƙare kafin Azahar. A fita da sanyin safiya, mata su dama kunu ko fura daga hatsin ƙungiya, idan da makaɗi a gari a gayyato shi. Sakatare ya kira suna a farko da ƙarshe, saboda akwai masu zuwa a gan su su sulale. Tarar rashin fita ta zama kaɗan, amma a karɓe ta a wurin kowa, a fara da shugabanni da 'ya'yan masu gari.

Idan an gama, a naɗa mai kula tun kafin a watse. Famfon tuƙa-tuƙa yawanci ƙananan abubuwa ne ke kashe shi, robar da ta cinye ko ƙusar da ta kwance, waɗanda in an bar su sai su lalata manyan kaya. A ware ɗan kuɗi na musamman don irin wannan gyara, a koya wa matasa biyu yadda ake kwance kan famfon da shafa masa man giris, a kewaye wurin, a fitar da magudanar ruwa zuwa rami mai nisa don dabbobi su sha a can.

Mataki na bakwai: rajista

Sai an gama aikin farko ake neman takarda. A je sakatariyar ƙaramar hukuma, sashen da ke kula da walwala da ci gaban al'umma, da tsarin mulki da sunayen shugabanni da bayanan taro da takardar shaida daga dagaci ko hakimi. Wannan rajista ta ishi yawancin ƙungiyoyin ƙauye. Wadda ta girma har tana son mallakar kadara da sunanta ko hulɗa da manyan masu ba da tallafi, ita ce ke bukatar rajistar amintattu a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, inda ake buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Idan wani ya ba da fili kyauta don rijiya ko aji, a rubuta kyautar a gaban dagaci, magadansa su sa hannu a matsayin shaidu, a kai wa ƙaramar hukuma, wadda dokar filaye ta 1978 ta ba ta ikon ba da shaidar mallaka a filayen karkara. Mai kyauta yana iya rasuwa, 'ya'yansa kuma ba lallai su tuna da alkawarin baka ba.

Mataki na takwas: tunkarar hukuma

Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, Kano tana da 44, kowace kuma ƙauyuka da yawa ne ke kai mata kuka, saboda haka mai zuwa da hoton aikin da ya riga ya yi da ƙarfinsa ya fi mai zuwa hannu rabbana samun kunnen saurare. A fara sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da maƙabartu da magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi, da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Maganar aji da malamai tana bi ta kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, zuwa sakataren ilimi da SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ta asibitin sha-ka-tafi tana bi ta kwamitin ci gaban mazaɓa, ta rijiyar burtsatse kuma tana zuwa hukumar samar da ruwa da tsaftar karkara ta jiha. Yana da kyau ƙungiya ta sa mutanenta a cikin waɗannan kwamitoci maimakon ta yi gogayya da su.

Wasiƙa ta zama shafi ɗaya, buƙata ɗaya, da adadin gidajen da abin ya shafa, da abin da gari ya riga ya yi, da abin da zai ƙara bayarwa, misali yashi da leburanci idan hukuma ta kawo siminti da rodi. A bi da ita ta hannun kansila da sanin hakimi, a yi kwafi biyu, a sa ma'aikacin da ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin ƙungiya. A kai ta tun kafin watannin ƙarshen shekara da ake haɗa kasafin kuɗi, a kuma sa mutum biyu su riƙa bibiya duk bayan mako biyu cikin ladabi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ko da yake aiwatarwar ta yi ta tafiyar hawainiya, hukuncin ya ƙara wa jama'a hujjar tambayar ciyaman abin da aka yi da kuɗinsu. Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar bayani da aka rubuto mata. Kai kuka gidan rediyo a bar shi ya zama makami na ƙarshe, bayan an bi duk ƙofofin nan an riƙe kwafin takardu a hannu.

Mataki na tara: haɗa kai da maƙwabta

Akwai matsalolin da ba su san iyakar gari ba. Mu da ke bakin kogin da ya biyo daga madatsun Tiga da Challawa ya nufi Haɗeja mun ga haka a ambaliyar 2022: garin da ya ɗaga jingarsa shi kaɗai, sau da yawa maƙwabcinsa ya tura wa ruwan, ciyawar kachala da ta toshe hanyar ruwa kuma in gari ɗaya ya sare tasa na gaba bai sare ba, wahalar banza aka yi. Hanyar da ta fi ita ce kowace ƙungiya ta ba da wakilai biyu, a zauna a gaban hakimi tun da rani, a auna jingar ko magudanar a raba wa kowane gari yankinsa, a sa rana ɗaya a fita tare kafin ruwa ya sauka. Kowace ƙungiya ta riƙe asusunta, abin da aka haɗa na aikin tarayya kaɗai a buɗe masa littafi dabam. Maganar burtali da mashaya ma a irin wannan zama ake yin ta, da arɗo a zaune tun farkon shawara, a sake kafa alamomin hanyar shanu kafin shuka.

Mataki na goma: miƙa ragama

Idan wa'adi ya cika a kira taron shekara da kaka, masu binciken kuɗi su karanta rahotonsu kafin a yi zaɓe, ko da jama'a sun ce tsofaffin shugabanni su zarce. Yana da kyau a canza rabin kwamitin a bar rabi, don sababbi su koya a wurin na da. Mai barin gado ya miƙa kaya a gaban dagaci ɗaya bayan ɗaya ana rubutawa: littafin bayanan taro, littafin kuɗi, ragowar rasit da kwafin waɗanda aka yanka, takardar rajista, takardun filaye, kwafin wasiƙun da ke jiran amsa, hatimin ƙungiya, makullan ɗakin hatsi da kayan aikin da aka saya. A cikin makon nan kuma tsofaffi da sababbin masu sa hannu su tafi banki tare, da bayanan taron zaɓen a hannu, a canza sunaye.